Hattara da masu tara kuɗi da sunan mutanen Mayotte

Jama'a, akwai wani saƙo da yake yawo a zaurukan WhatsApp, musamman na mata da na islamiyyu, wai mahaukaciyar guguwa ta hallaka dubban Musulmi a tsibirin Mayotte "a wannan makon", gawarwaki na kwance babu likkafani, a taimaka fisabilillahi. A ƙasansa an saka lambar asusu. Don girman Allah kada wanda ya tura ko sisi. Goggona ta tura naira dubu ashirin daga kuɗin adashin da ta ɗauka, shi ya sa nake wannan rubutu raina a ɓace.

Abin da ya sa mutane suke faɗawa shi ne an cakuɗa ƙaryar da gaskiya. Mayotte tana nan, a Tekun Indiya, tsakanin Madagaska da gabar Mozambik, kusa da Komoros. Yanki ne na Faransa, yuro suke kashewa, kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Guguwar ma ta auku, Chido ake kiranta, amma ranar 14 ga Disamba 2024 ne, ba wannan makon ba. Iskar ta wuce gudun kilomita 200 a awa, rabon tsibirin da ganin irinta an yi kusan shekara 90. Unguwannin talakawa masu gidajen langa-langa, irin su Kaweni da ke gefen babban birnin Mamoudzou, sai da ta kwantar da su ƙasa. Ruwan sha ya yanke, wuta ta ɗauke, asibiti ya lalace. Hotunan da ake turo muku na rufin kwano a warwatse a kan tudu, da yawansu na wancan lokacin ne, an tono su an sake musu kwanan wata.

Maganar "dubbai" kuwa, a kwanakin farko babban jami'in gwamnati a tsibirin ya ce yana fargabar mamatan za su kai ɗaruruwa, watakila ma dubbai. Adadin da hukuma ta tabbatar daga baya wajen 40 ne, ko da yake ƙidayar ta yi wuya. Ɗaya daga cikin dalilan wahalar shi ne mutanen can, kamar mu, ba sa barin mamaci ya kwana biyu. Suna yi masa sutura su kai shi makwancinsa. To ina maganar gawarwaki na jiran likkafani daga Kano? An dai zaɓi likkafani ne saboda an san babu Musulmin da zai ji wannan kalmar zuciyarsa ba ta karaya ba.

Da Goggo ta nuna mini saƙon, na ce, "Goggo, sunan wa ya fito da kika saka lambar?" Ta ce, "Wallahi ɗan nan, sunan wani mutum ne, na ɗauka shi ne ma'ajinsu." Asusun mutum ɗaya ne, babu sunan wata ƙungiya a kai. Na kira lambar wayar da ke jikin saƙon. Wanda ya ɗauka ya yi sallama mai kyau, yana ta jero addu'o'i. Na tambaye shi rajistar ƙungiyarsu da hukumar CAC, ya ce aikin Allah ba ya jiran takarda. Na ce ta yaya kayan za su isa, ya ce sun kusa cika tirela da shinkafa da barguna. Na ce masa, "Malam, tsibiri ne fa, teku ta kewaye shi." Sai ya kashe wayar. Daga ranar ba ta sake shiga ba.

Ku duba yadda agajin gaskiya ya isa can. Hasumiyar filin jirgin saman tsibirin ta lalace, jiragen fasinja suka daina sauka, sai jiragen soja da na ruwa suka riƙa jigilar ruwa da abinci da magani daga tsibirin Reunion, tafiyar kusan kilomita 1,400. Ƙungiyar Red Cross ta Faransa da gidauniyar Fondation de France sun nemi gudummawa a fili, ta shafukansu na intanet, da sunansu, inda ake iya bin sawun kuɗin. Aikin da sai da gwamnati ta fito da sojojinta, ba wani mai layin waya ɗaya ba ne zai yi shi daga ɗakinsa.

Akwai kashi na biyu na damfarar, kuma ya fi na farko muni. Bayan kwana biyu an turo wa Goggo wani saƙon, wai an zaɓe ta cikin waɗanda za a ba kyauta saboda taimakon da ta yi, ta danna wani mahaɗi ta cike lambar BVN da lambobin katinta. Allah ya sa ta tambaye ni kafin ta taɓa. Da ta cike, da sauran abin da ke asusun ma ya tafi.

Ba ina hana kowa sadaka ba ne. Lokacin guguwa a wancan yanki yana kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma talakawan tsibiran nan suna shan wuya sosai. Wanda ya yi niyya, ya fara duba ko kafafen labarai da ya sani sun kawo labarin, sannan ya shiga shafin ƙungiyar da kansa, ba ta mahaɗin da aka turo masa ba. Masu kula da zauruka, ku goge saƙon ku faɗi dalili, domin yawancin masu yaɗa shi iyayenmu ne da suke neman lada.

Wanda ya riga ya tura, ya ɗauki hoton rasit ɗin da lambar asusun, ya je bankinsa yau ɗin nan ya shigar da ƙorafi, sannan ya kai rahoto ga EFCC ko 'yan sanda. Mu mun kai namu jiya da safe, ni da Goggo.