Na'urar ƙara ji ta bayan kunne da muka saya wa Baba: tana aiki, amma ɗigon ruwan alwala ya toshe ta

Wata huɗu ke nan Baba yana sa na'urar nan, irin wadda ake rataya a bayan kunne, mai siririn tiyo da roba da aka zuba daidai da ramin kunnensa, mai cin batir lamba 13. Shekarunsa 76, kuma yanar ido ta fara rufe masa idon hagu. Kafin mu saya sai da aka yi masa gwajin ji a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, kuma duk wanda zai saya wa tsohonsa ina roƙonsa da ya fara da wannan gwajin. Ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kwali a kasuwar Kejetia ƙara kowace ƙara suke yi baki ɗaya, hon ɗin tirotiro da muryar jika duk ɗaya. Shi kuwa raunin ji na tsufa ba haka yake ba. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, daga wajen Hertz 2000 (ma'aunin kaifin sauti) zuwa sama, inda haruffa irin su s, sh, f da ts suke. Shi ya sa sara, shara, fara da tsara duk "ara" yake ji. Yana jin ana magana, gane ta ne ya gagara, kuma ɗaga masa murya ba ya gyara komai. Na'urar kirki da kwamfuta ake saita ta bisa takardar gwajin, ta ɗaga wuraren da suka faɗi kawai.

Makonni biyun farko sai hamdala. Mutumin da ya shekara yana shigewa ɗaki da zarar an idar da Magariba ya koma zama a kan benci a ƙofar masallacin unguwa a Aboabo, yana musu da tsaransa a kan labaran rediyo. Da a lokacin na rubuta sharhin nan, da babu abin da zan ce sai yabo.

Na'urorin biyu ne, kowane kunne da tasa. A mako na uku ta kunnen dama ta yi shiru, kuma Baba bai faɗa wa kowa ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Kullum tana rataye a kunnensa, kowa ya ɗauka lafiya lau, ashe ba ta fitar da komai, sai ma toshe ɗan jin da ya rage masa da robar ta yi. Wajen kwana goma ya koma gidan jiya: ya daina fita benci, tuwon dare ya riƙa dawowa da rabi, in an yi masa magana sai ya ce "to" ya kau da kai. Da Inna ta matsa masa, cewa ya yi kuɗin yara sun tafi a banza, ba ya son ya ƙara musu nauyi.

Da aka ɗaga tiyon aka haska shi da fitilar waya, ga ɗigon ruwa guda zaune a lanƙwasar, ga dattin kunne ya daskare a bakin robar. Dalilin a fili yake. Mutum mai alwala sau biyar yana shafa kunne da jiƙaƙƙen yatsa, ya mayar da roba cikin kunnen da bai bushe ba, ga zufa da danshin damina na Kumasi. Ɗigo ɗaya ya isa ya tare sauti gaba ɗaya. Shagon da ya sayar mana ya ga hularsa da carbinsa, amma ko kalma ɗaya ba su yi a kan ruwa ba. Takarda suka miƙa masa da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ga mutumin da ba ya iya karanta lambar agogo. Da aka koma musu da ƙorafi, maganar farko da suka yi ita ce garanti bai shafi ruwa ba.

Gyaran bai kai minti goma ba, ban da lokacin bushewa. Ana zare tiyon daga ƙugiyar na'urar, a wanke robar ita kaɗai da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a busa iska cikin tiyon da 'yar robar busawa, ba da baki ba, domin numfashi ma danshi ne. Sai a bar ta ta kwana ta bushe kafin a haɗa. Jikin na'urar kuwa ruwa ba ya taɓa shi. Yanzu dokar gidan ita ce a cire kafin alwala, a goge kunne da tawul, a ɗan jira kafin a mayar. Da dare a buɗe ƙofar batir, a sa na'urar cikin gwangwanin busarwa mai ƙwayoyin silika. Tiyon kuma in ya fara tauri ya yi rawaya, yawanci bayan wata uku zuwa shida, a canza shi, in ba haka ba zai tsage ya fara fito.

Da na zo kan batir sai raina ya sake ɓaci. Batir lamba 13 bai kai ƙwayar wake ba, kuma iska ce ke tayar da shi: ka ɓare 'yar takarda mai launin ruwan lemo da ke bayansa, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka sa shi ta fuskar da ta dace. A wurinmu mako ɗaya zuwa kwana goma yake yi. Tsoho mai yanar ido da rawar hannu ba zai iya wannan shi kaɗai ba. A jikin na'urorin akwai alamar launi, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu, amma alamar ɗigo ce da ko mai lafiyar ido sai ya ƙura. Mun ɗaura zare a ta dama don ya gane ta da taɓawa. Ga haɗarin jikoki, domin haɗiye irin batirin nan maganar asibiti ce ta gaggawa. Da an tambaye mu halin idonsa tun farko, da mai caji muka ɗauka ko da ta fi tsada, duk da ɗauke wutar da ake yi.

Katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, ba ya biyan na'urar ji ko tabarau, amma aikin cire yanar ido yana cikin abin da yake ɗauka, kuma wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Wannan yana da muhimmanci, saboda mai raunin ji yana dogara sosai da kallon leɓe da fuska wajen fahimtar magana. Idan ido ya tafi tare da kunne, hira ta yanke ta ƙofa biyu, kuma daga nan ciwon damuwa ke samun hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana walwala, amma a zango sai mu ce tsufa ne, ko mu ce ya cika miskilanci. Na'ura ba maganin damuwa ba ce. In tsoho ya haura mako biyu ba ya sha'awar abin da ya saba so, barci da cin abinci sun lalace, ko yana yawan cewa ya zama kaya, a kai shi wurin likita ko da na'urarsa tana aiki ras.

Na'urar kanta zan sake saye, shagon ne ba zan koma ba. Kowace safiya yanzu Inna tana rufe ta cikin tafin hannu ta kai kusa da kunnenta kafin ta miƙa wa Baba. In ta yi fito, batir da tiyo lafiya. In ta yi shiru, a duba tiyo tukuna kafin a zargi batir.