Ballotpedia: rumbun tarihin zaɓen 'yan majalisar jiha a Amurka, amfaninsa da iyakarsa

Duk mai bibiyar siyasar Amurka ya san cewa labarin shugaban ƙasa da na sanatocin tarayya ba ya wuyar samu, domin kafafen yaɗa labarai suna nanata shi safe da yamma. Wahalar takan fara ne idan mutum ya sauko matakin jiha, yana son sanin wanda ke wakiltar wata mazaɓa, yaushe ya fara tsayawa takara, sau nawa ya ci, sau nawa ya sha kaye, kuma da ratar ƙuri'u nawa. Mutanen nan ba kaɗan ba ne. Jihohi 50 na ƙasar suna da zaurukan majalisa 99, saboda kowace jiha tana da zaure biyu in ban da Nebraska mai zaure ɗaya da wakilai 49, kuma jimillar kujerun ta haura 7,300. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, su ne ke rubuta dokokin makarantu da na manyan laifuffuka da dama, kuma a yawancin jihohi su ne ke shata iyakokin mazaɓu bayan kowace ƙidayar jama'a. Ikon da ke hannunsu ya fi sunan da suka yi nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ɗaukar duk wata hidima da ke adana tarihinsu da muhimmanci.

A cikin shafukan intanet da ke wannan aiki, wanda na fi komawa gare shi shi ne Ballotpedia. An kafa shi a 2007, kuma cibiyar Lucy Burns Institute ce ke tafiyar da shi, wata ƙungiya da ba ta neman riba mai mazauni a garin Middleton na jihar Wiskonsin, wadda ta ɗauki sunan wata mata da aka sha ɗaurewa saboda fafutukar nema wa matan Amurka 'yancin zaɓe. Karanta shi kyauta ne, ba a buƙatar rajista. Sunan yana iya sa mutum ya zaci irin Wikipedia ne, inda kowa ke iya shiga ya gyara rubutu, amma a yau ma'aikata ne da ake biya suke rubuta shafukan suna sabunta su. Wannan bambanci yana da nauyi a fagen siyasa, inda magoya baya da 'yan adawa duka suke da dalilin taɓa tarihin ɗan takara.

Tsarin shafin ɗan majalisa kusan iri ɗaya ne ko'ina, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka fi burge ni. Da ka buɗe za ka ga jam'iyyarsa, mazaɓarsa, ranar da ya kama aiki da ranar da wa'adinsa zai ƙare, tare da albashin kujerar da alawus ɗin zama. Daga nan sai taƙaitaccen tarihin rayuwa, kwamitocin da ya zauna a ciki, ƙudurorin da ya gabatar, sannan sashen zaɓuka, wanda shi ne zuciyar shafin. A can an jera kowane zaɓe shekara bayan shekara, na baya-bayan nan a sama, an ware zaɓen fidda gwani daban da babban zaɓe, an rubuta sunan kowane ɗan takara da yawan ƙuri'unsa da kason da ya samu cikin 100, an kuma bambanta sunan mai riƙe da kujera da rubutu mai kauri domin a gane wanda ke neman tazarce. Wanda ya saba da shafi ɗaya ya saba da dubbai, ba sai ya sake koyon inda komai yake ba.

Domin in auna ingancin wannan sashe, na bi tarihin wata kujera da na san labarinta tun daga rahotannin lokacin, wato mazaɓa ta 94 a majalisar wakilan jihar Bajiniya, a yankin birnin Newport News. David Yancey na jam'iyyar Rifablikan ya fara cin kujerar a 2011, kuma a 2015 ya kayar da Shelly Simonds ta jam'iyyar Dimokrat, wadda a lokacin take cikin hukumar kula da makarantun birnin. Sun sake karawa a ranar 7 ga Nuwamba, 2017, inda ƙidayar farko ta nuna Yancey a gaba da ƙuri'u 10 kacal. Da aka sake ƙidaya a watan Disamba sai lamarin ya juye, Simonds ta samu 11,608, shi kuma 11,607. Washegari alƙalai uku suka duba wata takardar zaɓe guda ɗaya da aka ajiye gefe, wadda mai ita ya cike gurbin 'yan takarar biyu amma ya ja layi a kan na Simonds, suka yanke cewa Yancey ya nufa. Da haka aka yi kunnen doki, kowa da 11,608.

Abin da ya biyo baya ya faru ne a birnin Richmond ranar 4 ga Janairu, 2018. Hukumar zaɓen jihar ta rubuta sunayen biyu a takardu, ta saka kowanne cikin ɗan gwangwanin ajiye fim ɗin kyamara, ta jefa su cikin wani kwanon tangaran, aka juya, aka sa hannu aka zaro ɗaya a gaban 'yan jarida. Sunan Yancey ne ya fito. Ba kujera ɗaya kawai wannan kwano ya raba ba, domin majalisar tana da kujeru 100, kuma nasararsa ce ta bar wa Rifablikan rinjaye na 51 da 49. Da sunan Simonds aka zaro, da an raba zauren 50 da 50, babu mai rinjaye. A Hausa kalmar ƙuri'a tana ɗauke da ma'ana biyu, wadda ake kaɗawa a akwatin zaɓe da wadda ake jefawa domin raba gardama ta hanyar sa'a, kuma a wannan kujera duka biyun sun yi aiki a zaɓe ɗaya.

Ballotpedia ya riƙe wannan labari yadda ya kamata. Alƙaluman sun dace da na hukuma, an bayyana yadda aka tashi daga sake ƙidaya zuwa hukuncin alƙalai zuwa zaro suna, kuma an nuna inda aka samo bayanan domin mai karatu ya bi sawu da kansa. Babu kalmar yabo ga wanda ya ci, babu ta tausayi ga wadda ta rasa. A lamari mai zafi irin wannan, inda kowane ɓangare yake da tasa fassarar kan waccan takarda guda, wannan kame baki ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne dalilin da ya sa na amince da shafin a kan kujerun da ban san labarinsu ba.

Sai dai wannan kujera ce kuma ta nuna mini iyakar hidimar. A 2019 Simonds ta sake tsayawa, ta kayar da Yancey da rata mai faɗi, a shekarar da Dimokrat suka karɓe majalisar da kujeru 55. Wanda ya tsaya a kan jadawalin ƙuri'u kaɗai zai iya cewa jama'ar mazaɓar ne suka juya wa wakilinsu baya cikin shekara biyu. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, amma ba ita ce dukkan gaskiyar ba, domin kafin zaɓen wata kotun tarayya ta sa an sake shata mazaɓu da dama a jihar, bayan ta gano cewa an yi la'akari da launin fata fiye da kima wajen zana su, kuma mazaɓa ta 94 tana cikin waɗanda iyakarsu ta sauya. Lambar mazaɓar ɗaya ce, amma masu zaɓen cikinta ba dukansu ne na 2017 ba. Ballotpedia yana da shafuka masu zurfi kan shata mazaɓu, bayanin ba ɓoye yake ba, amma dole mai karatu ya san da batun kafin ya je nemansa. Jadawali yana faɗin nawa aka samu, ba ya faɗin dalili, kuma mai gaggawa yana iya fita da fahimtar da ba ta cika ba.

Irin wannan taka-tsantsan ake buƙata wajen karanta dogon jerin nasarori. Za ka ga ɗan majalisar da ya ci zaɓe sau shida a jere, ka ɗauka farin jini ne ya yi masa yawa, amma da ka duba layi bayan layi sai ka tarar a yawancinsu shi kaɗai ne a takardar, ba hamayya. A nan shafin ya cancanci yabo na musamman, domin yana fitar da rahoto kan yawan gogayya a zaɓukan majalisun jiha, kuma rahoton 2022 ya nuna cewa wajen kashi 40 cikin 100 na kujerun da aka yi zaɓensu ba a samu karawa tsakanin manyan jam'iyyun biyu ba. Haka nan barin kujera ba kullum yake nufin shan kaye ko gajiya ba, tunda jihohi 16 suna da dokar ƙayyade wa'adi wadda ke hana ɗan majalisa zarcewa ko da jama'a suna sonsa.

Bayanin albashi da ke gefen shafi ma ba ado ba ne. Ɗan majalisar New Hampshire, inda zauren wakilai kaɗai yake da kujeru 400, yana karɓar dala 100 a shekara, na Texas yana karɓar dala 7,200 kuma majalisarsa tana zaman yau da kullum ne sau ɗaya a shekara biyu, yayin da sanatan jihar Kalifoniya yake aikin cikakken lokaci yana wakiltar mutane sama da 900,000. Laƙabin ɗaya ne, aikin ya sha bamban, kuma bai dace a auna su da sikeli ɗaya ba.

Inda na fi ganin rauni shi ne wajen auna aikin ɗan majalisa bayan an rantsar da shi. Jerin ƙudurorin da ya gabatar yana nan, amma jeri ne kawai, ƙudurin da ya sauya tsarin haraji yana zaune kusa da wanda ya sa wa wata gada suna, babu abin da ke nuna wanne ya fi nauyi. Akwai sashen makin da ƙungiyoyi daban-daban suke bai wa 'yan majalisa, kamar na 'yan kasuwa da na ma'aikata da na masu kare muhalli, amma kowace ƙungiya da manufarta take aunawa, saboda haka makin yana nuna wanda ɗan majalisar ya faranta wa rai ne fiye da yadda yake nuna ƙwazonsa. Sashen tambayoyin da ake kira Candidate Connection kuwa bakin ɗan takara ne da kansa, ana buga amsarsa yadda ya bayar, kuma a shafuka masu yawa abin da za ka tarar shi ne layi ɗaya da ke cewa bai amsa ba. Na fahimci cewa wannan duka ya samo asali ne daga ƙudurin shafin na ƙin ɗaukar ɓangare, kuma ba zan so ya yar da wannan ƙuduri ba. Amma da zai yiwu a riƙa nuna yadda ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a a kan 'yan manyan ƙudurorin kowane zama, a jadawali mai sauƙi irin na zaɓuka, da an rage wannan giɓi ba tare da an karkata ga kowa ba.

Sauran abubuwan lura ƙanana ne. Zaɓukan da aka yi kafin a kafa shafin ba su cika samun cikakken bayani irin na shekarun baya-bayan nan ba, don haka tarihin wanda ya daɗe a majalisa yakan fi kauri a ƙarshe fiye da farko. Tarihin rayuwar wasu 'yan majalisa bai wuce layi biyu ko uku ba. Sannan Turanci ne harshen shafin, ko da yake jadawalin zaɓe suna ne da lamba, mai ɗan Turanci kaɗan ma zai iya bin sa.

Ga ɗan jarida mai rubuta rahoto kan wani ɗan siyasar Amurka da ya taso daga majalisar jiha, da ɗalibin kimiyyar siyasa, da mai zaɓe mazaunin ƙasar da ke son sanin waɗanda za su fito a takardarsa, ina ba da shawarar Ballotpedia ba tare da wata tantama ba, musamman da yake yana da wurin da mutum zai rubuta adireshinsa ya ga samfurin takardar zaɓen yankinsa tun kafin ranar. Yadda nake amfani da shi shi ne in fara da sashen zaɓuka daga ƙasa zuwa sama, in lura da shekarun da babu hamayya, in buɗe shafin mazaɓar in ga ko iyakarta ta sauya, sannan in koma shafin majalisar jihar ta hukuma domin ganin yadda mutumin ya kaɗa ƙuri'a a zaure. Matakin duba iyaka ya sake yi mini amfani a kan Simonds kanta, domin bayan sabuwar taswirar da ta biyo ƙidayar jama'a ta 2020, mazaɓa ta 70 ta koma wakilta daga 2024, kuma lamba 94 ta zama ta wani yanki dabam da wasu masu zaɓe dabam.