Direban da ya zaga da mu Addis Ababa kafin jirgi ya tashi

Duk ɗan kasuwar Kuseri ko Njamena da ke bin jirgin Habasha zuwa Dubai ko China ya san zaman jiran nan na Addis Ababa. Idan ka bi tikiti mai sauƙi, sai ka sauka da dare, jirginka na gaba kuma sai daren gobe. Yawancinmu a otal muke ƙare wunin, daga barci sai waya. Wannan karon ni da Kawu muka ɗauki mota da direba daga wani ƙaramin ofishin yawon buɗe ido da ke da tebur a harabar otal ɗinmu a unguwar Bole. Dalar Amurka 60 suka karɓa, daga hantsi zuwa la'asar, ban da abinci da kuɗin shiga wurare. Kuɗin bai tafi a banza ba, ko da yake akwai inda suka ɓata mini rai.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne takardar da matar ofishin ta rubuta mana. Lokaci biyu ta sa a kai. Habashawa daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, saboda haka ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, ƙarfe tara kuma ƙarfe uku. Ga shi agogonsu yana gaban na Chadi da Kamaru da awa biyu. Wanda jirgi ke jiransa, ya ruɗe a nan, ya shiga uku. Ta rubuta nasu, ta rubuta na tikitin jirgi, ta ja layi a ƙarƙashin na biyun. Rasit ɗin ma shekarar da ke kansa baya take da tamu, domin kalandarsu mai wata 13 tana bin bayan ta Turawa da shekara bakwai ko takwas. Kawu ya juya takardar, ya ce shi ai ya ƙara ƙuruciya.

Faransancinmu bai yi mana rana a garin nan ba. Sa'ar da muka ci, direban Musulmi ne, ya yi aikin tuƙi a Jidda, yana jin Larabci sosai. Da Larabcinmu na Chadi da nasa na Saudiyya muka lallaɓa, kuma mun fahimci juna. Idan za ku yi ciniki da ofishi irin wannan, ku nemi mai Larabci tun kafin ku miƙa kuɗi.

Tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa jirginmu zai tashi. Da na faɗa masa, sai ya yi lissafi daga ƙarshe yana dawowa baya: ku kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi, ku koma otal awa biyu kafin nan don wanka da haɗa kaya, ga cunkoson tashi daga aiki. Abin da ya rage shi ne namu. Na nuna masa jerin wuraren da na rubuto a waya, ya duba, ya soke fiye da rabi. Kawu kuwa buri ɗaya ya zo da shi, wai a kai shi kabarin Najashi, sarkin da ya karɓi sahabbai a hijirar farko. Direban ya dafa ƙirji ya ce, "Hajji, wannan yana can Tigray, ɗaruruwan kilomita arewa da nan." Na ji daɗin yadda ya faɗa ba kwana-kwana. Da wani direban ne, da ya kai tsoho wani masallacin ya ce masa ga shi nan.

Dutsen Entoto muka fara hawa, kuma a nan na fi son kowa ya kashe lokacinsa. Njamena ba ta wuce mita 300 sama da teku ba sosai. Addis Ababa ta haura mita 2,300, Entoto kuma ya kai wajen 3,000. Jiki yana gane bambancin tun kafin a gaya masa. Mun fito daga mota, ba mu yi taku ashirin ba Kawu ya tsaya yana haki, ni ma ƙirjina yana bugawa. Direban ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani farin mayafin auduga mai kauri da suke kira gabi, ya yafa wa Kawu, ya zaunar da shi a kan dakali, ya aika yaro ya kawo shayi mai kanumfari. Bai ce mu hanzarta ba. Da numfashi ya daidaita ne ya nuna mana garin a shimfiɗe a ƙasa, dogayen gine-gine suna leƙowa ta cikin hazo, jirage suna sauka filin jirgin Bole ɗaya bayan ɗaya.

A kan dutsen nan Sarki Menelik na Biyu ya zauna kafin matarsa Taytu ta ja hankalinsa zuwa gangare, inda akwai ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, aka kafa Addis Ababa a 1886. Fadar tasa tana nan bayan cocin Maryam, inda aka naɗa shi sarkin sarakuna a 1889. Na zaci zan ga katafaren gini. Ɗakuna ne na ƙasa da itace, masu rufin ciyawa, an ɗaure azarar da igiyar fata, har da ƙahonin shanu a jikin bango inda ake rataye nama. Mutumin da ya fatattaki sojojin Italiya a Adwa a 1896 ke nan. Dutsen kuma cike yake da itacen turare, wanda aka shigo da irinsa daga Ostireliya a zamaninsa saboda ƙarancin itacen girki. Har yau mata suna gangarowa da damin itacen a bayansu, faɗinsa ya kusa tare rabin hanya. Na ɗaga waya, direban ya girgiza kai, na mayar da ita aljihu.

Da muka gangaro ne aka yi abin da bai yi mini daɗi ba. A Shiro Meda, kasuwar masu saƙa, ya tsaya a ƙofar wani kanti ba tare da ya tambaye mu ba, wai mu shiga mu duba kawai. Mai kantin ya tare shi da sunansa, aka kawo masa kujera da kofi. Ni ɗan kasuwa ne, na san fuskar mai jiran la'ada. Mayafin da aka yi wa Kawu kuɗinsa a ciki, na tambaya a rumfa ta uku daga nan, kusan rabin farashin aka ce mini. La'ada ba laifi ba ce, mu ma muna ba yaran da ke kawo mana masu saye daga gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kuseri da Njamena. Amma rabin awa ta tafi a cikin lokacin da na biya, kuma ba a sa tsayawar a takarda ba. Da na yi masa magana bai musa ba, ya ce ofishin ne ke sa su. To, ku gaya musu tun a tebur cewa ba ku son kanti.

Gidan tarihi na ƙasa bai ci mana awa ɗaya ba. A benen ƙasa ake ajiye Lucy, ƙasusuwan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka tono a Hadar, yankin Afar, a 1974, waɗanda masana suka ce sun kai shekara miliyan 3.2. Abin da ke cikin gilashin kwafi ne, ƙanƙanuwa ce, tsayinta bai fi na yarinya ba. Direban yana ta alfahari, sai na gaya masa ai namu Tumai, ƙoƙon kan da aka samo a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, an ce ya kai shekara miliyan 7. Bai taɓa jin labarinsa ba, har ya sa na rubuta masa sunan. Kawu ya saurare mu duka, ya ce shi dai ɗan Annabi Adamu ne, a kai shi inda zai ci abinci.

A nan ma sanin gari ya yi amfani. A Habasha mahautan Kirista daban, na Musulmi daban, kowa da alamarsa a ƙofar shago, gicciye ko jinjirin wata. Baƙo ba zai lura ba. Ya kai mu gidan abincin Musulmi kusa da Merkato, babbar kasuwar garin, aka kawo faifan injera da soyayyen naman rago da miyar wake mai yaji da suke kira shiro. Injera 'yar uwar kisar ɗinmu ce, wato faffaɗar wainar nan mara kauri ta Chadi, sai dai ta fi kauri da tsami, da garin wani ƙanƙanin hatsi mai suna tef ake yinta. Kawu ya ci naman ya bar mata faifanta. Ni na cinye. Kofin da ya biyo baya a gabanmu aka soya 'ya'yansa, aka daka, aka dafa a tulun baƙar ƙasa, ga turaren wuta yana tashi, ga gugguru a kwano. Kofi uku al'adarsu, direban ya duba agogo ya ce biyu sun ishe mu.

Mun yi azahar da la'asar haɗe a Masallacin Anwar, a tsakiyar Merkato, cocin Raguel yana maƙwabtaka da shi. Kasuwar kanta ta fi ƙarfin mai 'yan awoyi. Jakuna, 'yan dako da katifu jibge a ka, manyan motoci, duk a hanya ɗaya. Ya ce mu mayar da waya aljihun gaba, ya shige gaba muna binsa, muka sayi kofi da barkonon berbere a layi guda muka fito. Hedkwatar Tarayyar Afirka, wadda China ta gina aka buɗe a 2012, daga cikin mota muka gan ta. Kawu ya sa aka rage gudu, don a nan ɗan Chadi Musa Faki Mahamat ya shugabanci hukumar Tarayyar daga 2017 zuwa 2025.

Motar tsohuwar Toyota ce, gilashin baya ɗaya ba ya rufuwa duka, kuma a sanyin Entoto an ji shi. Ruwan sha da aka yi alkawari a takarda ma sai da na tuna masa. Amma ƙarfe huɗu da kwata muna ƙofar otal, kafin lokacin da ya yanka, kuma ya tsaya har ya tabbatar motar filin jirgi ta rubuta sunayenmu.

Sefa ba ta karɓuwa a can, ku riƙe 'yan daloli ku canza bir, kuɗin Habasha, kaɗan a banki, ku adana rasit. Ku tabbatar da maganar izinin fita daga filin jirgi tun a Njamena, wurin wanda ya yankar muku tikiti. Ku sa rigar sanyi a jakar hannu, musamman daga Yuni zuwa Satumba da ruwa ke sauka kusan kullum. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya yi shawara da likita kafin ya hau Entoto. Idan kuma jiran naku bai kai awa takwas ba, ku yi zamanku a Bole.