Shimanami Kaido: keken ƙafa ko mai batir?

In Allah ya kai ka Japan kana son bin hanyar Shimanami Kaido, daga Onomichi zuwa Imabari, wajen kilomita 70 ta tsibirai shida, to sai ka zaɓi keke a wurin haya. Na ƙafa ya fi araha, kuma bin shuɗin layin gefen titi mai nuna wa masu keke hanya ba wuya a shimfiɗe, amma fa kowace gada sai ka yi hawa mai kwana-kwana kafin ka kai samanta, nan cinya ke ɗaukar zafi. Mai batir kam kamar ana tura ka ne, sai dai ga nauyi ga tsada ga ido kullum kan caji. Ni dai mai batir zan ɗauka wallahi, in isa gadar Kurushima, ta ƙarshe kafin Imabari, mai kilomita 4 da sauran ƙarfina, in tsaya ina kallon jiragen ruwa na wucewa ta ƙasa.