Na'urar auna kaurin ruwa da na sayo wa ɗalibaina

Watan jiya na sayi na'urar Ostwald a wani shagon kayan ɗakin gwaji. Gilashi ce lanƙwasasshiya kamar harafin U, da siririn bututu a hannu ɗaya da zane biyu. Ka zuƙo ruwa da ƙwallon roba ya haura zanen sama, ka sake shi, ka danna agogo har ya sauko zanen ƙasa. Shi ke nan aikinta: daga lokacin da ruwan ya ɗauka kafin ya sauko ake lissafa kaurinsa.

Na fara da tataccen ruwa, sannan sinadarin benzin (benzene, ba man fetur ba). A zafin digiri 20 na Salshiyas kaurin ruwa kusan 1.0 ne a ma'aunin milifaskal-sakan, na benzin kuwa kusan 0.65. Da na sa nauyin benzin, giram 0.88 a kowace mililita, cikin lissafi, amsata ta faɗo dab da haka. Wallahi na ji daɗi.

Da rana ta take ɗakin ya ɗau zafi, sai lokacin saukowar ruwan ya ragu. Ba laifin na'urar ba ne: ruwa in ya ji zafi tsinkewa yake, kamar zuma a rana. Na ce wa yara iskar gas akasin haka take, zafi ƙara mata kauri yake. Wani ya ce, "Malam, da gaske?"

Ƙorafina: ba ta zo da mariƙi ba, zanen ƙasa kuma dishi-dishi, sai na kara farar takarda a baya nake ganinsa. Wanke bututun ma jan aiki ne.

Benzin ɗin ni kaɗai na taɓa, cikin akwatin zuƙe tururi, domin yana jawo kansar jini. Yara ruwan sukari na ba su.