Aljanun gabas ko dodannin Turawa?

Wai idan zaki saka abin al'ajabi a nobel ɗinki wanne yafi? Na gabas dai kin sani, aljani a kwalba, zoben sihiri, sarakunan Bagadaza, mu nan ƙauyukan Ringim ba sai an mana bayani ba tunda kaka ma hana mu zama gindin tsamiya take da magariba, kina rubuta aljani ya auri yarinya jikin mai karatu yayi sanyi. Sai dai kowa shi yake rubutawa, ya fara gundura.

Na Turawa kuwa, su Zeus na Girka, sabo ne amma maganar alloli barkatai mutanenmu bazasu haɗiye ba wallahi. Dodon nan nasu mai shan jinin mutane, wato vampire, shi ne kawai zai shiga, don mun san maye.