Gwajin kiriyatinin: hannunsu da sauƙi, takardarsu ce matsala

Saboda hawan jini likita ya tura ni gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini na duba lafiyar ƙoda, tunda hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen cinye ƙoda. Wajen ɗibar jini ba ni da ƙorafi. Ma'aikaciyar ta ɗaure min dantse, ba ta yi ta laluben jijiya ba, kafin in ankara har ta danna auduga. A raina na ce na samu wurin zuwa.

Sakamakon ne ya ɓata komai. An rubuta 106, a gefe kuma an ce mai lafiya daga 0.7 zuwa 1.3 yake, ga jar alama an dangwala. Wa zai ga haka hankalinsa bai tashi ba? Na koma na tambayi wanda ya miƙo min takardar, ko ɗago kai bai yi ba. "Malam, mu namu gwaji ne, ka kai wa likitanka." Daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin wankin ƙoda da yadda zan faɗa wa iyali.

Da likita ya duba sai ya girgiza kai. Ashe ma'auni biyu suka cakuɗa a layi ɗaya: lambar tawa a µmol/L take, iyakar da suka buga kuma ta mg/dL ce. Ya raba 106 da 88.4 a gabana, ta ba da 1.2, wato ina cikin iyaka. Ya ce kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa kullum, ƙoda ta tace shi ya fita a fitsari, in ta gaza sai ya taru a jini. Shi ya sa mai murɗaɗɗen jiki nasa kan ɗara na tsoho siriri, alhali ƙodarsa ƙalau.

Har na fara yi musu uzuri, ɗan Adam ajizi ne. Sai likita ya nemi eGFR a takardar, babu. Ita ce lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, ana lissafa ta daga kiriyatinin da shekaru da jinsi, in ta zauna ƙasa da 60 har wata uku ake maganar ciwon ƙoda mai daɗewa. Shi ya lissafa da kansa, ya ƙara min gwajin furotin a fitsari, domin ƙoda na iya rasa kusan rabin ƙarfinta kiriyatinin bai haura iyaka ba. Kuma babu wanda ya tambaye ni ko na ci nama da yawa, ko na yi motsa jiki mai tsanani, ko ina shan wani magani, duk da kowannensu kan ɗaga lambar.

Injinsu dai bai yi ƙarya ba, wannan na yarda. Amma gwajin fitsarin wani wuri na kai.